Naira 15,000 da Hanyar Ƙonni: Me Inshorar Mota Take Biya Bayan An Tsallaka Iyaka?

Tun daga ranar 1 ga Janairun 2023, kuɗin inshorar dole ta ƙaramar mota a Najeriya ya koma naira 15,000 a shekara. In aka raba su a kan kwana 365, naira 41 ke nan kowace rana. Direban da ya taso daga Shagari, ya wuce Boɗinga, ya ratsa cikin Sakkwato ya miƙe zuwa Illela, ya yi tafiyar kusan kilomita 150, kuma man da zai ƙona a zuwa da dawowa ya fi kuɗin inshorarsa ta shekara guda. Duk da wannan araha, ita ce takardar da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi a cikin takardun mota. Mutum zai biya a tasha ko a bakin ofishin lasin, a miƙo masa takarda mai tambari, ya linke ya ajiye, bai san sunan kamfanin ba, bai san alkawarin da aka yi masa ba. A cikin gida wannan sakaci yakan ƙare a tara ko a ban haƙuri. Da zarar tayar mota ta taka ƙasar Ƙonni a Nijar kuwa, lissafi ya koma na sefa, doka ta koma ta masu ƙasa.

Abin da jadawalin ya ce

Hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ita ta fitar da wannan farashi a watan Disamban 2022. Ƙaramar motar gida tana biyan naira 15,000, kamfani kuma ya ɗauki nauyin dukiyar wani da motar ta lalata har zuwa naira miliyan 3. Motar da mutum yake ɗaukar kayan kasuwancinsa na kansa a ciki tana biyan 20,000 a kan miliyan 5. Babbar motar dako, tirela ko gingimari, tana biyan 100,000, ita ma a kan miliyan 5. Keke Napep 5,000 ne a kan miliyan 2, babur kuwa 3,000 a kan miliyan 1.

Da farashin ya fito an yi ta kuka cewa an ninka shi sau uku, domin a da 5,000 ake biya. Gaskiya ne an ninka. Amma abin da kamfani zai biya shi ma an ninka shi sau uku, daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Kowace naira ɗaya da mai ƙaramar mota ya bayar tana tsaya masa a kan naira 200, a tsohon farashi da sabo. Ta mai babur tana tsaya masa a kan 333. Wanda lissafin ya fi matsa wa shi ne mai babbar mota, wanda nairarsa ɗaya 50 kawai take jawowa, saboda motarsa kullum tana kan hanya, kuma in ta yi ɓarna ba ta yin kaɗan. Ko shi ɗin ma, naira 274 ne a rana.

Inda jadawalin ya tsufa shi ne wajen darajar naira. A farkon 2023 dalar Amurka tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, don haka miliyan 3 ta kai dala 6,500. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023, har dala ta taɓa naira 1,500, miliyan 3 ɗin nan ta dawo dala 2,000. Kayan gyaran mota kuwa da dala ake shigo da su. Wanda ya daki bayan sabuwar mota a yau, duk abin da ya haura miliyan 3 daga aljihunsa zai fito, sai fa in tun farko ya ƙara kuɗi an ɗaga masa adadin, abin da kamfanoni suke yi in an nema. Wannan adadi na dukiya ne kaɗai. Rai da rauni ba a ɗaure su da shi ba.

Akwai layi ɗaya a sanarwar NAICOM da bai samu yayatawa ba, alhali shi ya fi shafar mutanen iyaka irinmu. Farashin ya haɗa har da katin inshorar ECOWAS, wanda ake kira katin ruwan ƙasa. A da daban ake sayen sa. Yanzu duk wanda ya yanki sahihiyar inshora ya riga ya biya kuɗin katin, abin da ya rage shi ne ya ce a ba shi.

Matsalar tana wajen sahihancin. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ƙiyasta motoci miliyan 11.8 a Najeriya a ƙarshen 2018. Ƙungiyar kamfanonin inshora, NIA, ta sha bayyana kafin 2025 cewa waɗanda suke cikin rumbun bayananta kimanin miliyan 3 ne. Wato a cikin kowace mota huɗu, kusan uku ko dai ba su da inshora ko kuma takardar bogi suke yawo da ita. Wannan ne ya sa 'yan sanda suka fara tsananta bincike daga ranar 1 ga Fabrairun 2025. Hukuncin da doka ta tanada shi ne tarar naira 250,000 ko ɗaurin shekara ɗaya ko duka biyun, kuma tarar kaɗai ta fi kuɗin inshorar shekara 16. Tantancewar ba ta da wuya: mai waya ya shiga askniid.org ya sa lambar motarsa, in ba ta fito ba, ya koma wurin wanda ya karɓi kuɗinsa tun kafin ya yi tafiya.

Yarjejeniyar Kwatano da lissafin sefa

An sa hannu a kan yarjejeniyar katin a Kwatano ranar 29 ga Mayun 1982, lokacin ɗan garin Shagari, Alhaji Shehu Shagari, yana shugabancin Najeriya. Sakatariyar tsarin tana Lome. Ƙasashen da suka yi aiki da shi 14 ne: Najeriya, Nijar, Binin, Togo, Gana, Burkina Faso, Mali, Kodebuwa, Laberiya, Saliyo, Gini, Gini Bisau, Senegal da Gambiya. Manufar ita ce kada direba ya riƙa sayen sabuwar inshora a kowace iyaka, kuma kada wanda baƙuwar mota ta buge ya rasa wanda zai kama.

A ɗauka mota mai lambar Sakkwato ta buge mai babur tsakanin Ƙonni da Galmi. Jandarmomi za su zo su auna, su rubuta rahoto. Direba ya nuna katinsa, a sanar da ofishin katin na Nijar a Yamai. Wannan ofishi shi zai bi maganar, a biya wanda aka yi wa ɓarna bisa dokar Nijar, sannan ya nemi kuɗinsa daga ofishin Najeriya a Legas, shi kuma ya karɓo daga kamfanin da ya ba da katin. Hannu uku kuɗin suke bi, kowane hannu da nasa jinkirin, shi ya sa direbobi suke kukan mota tana daɗewa a hannun hukuma kafin a warware. Kukan gaskiya ne, kuma masu tafiyar da tsarin sun san da shi. Amma wanda yake jiran kamfani ya biya da wanda yake jiran danginsa su sayar da gona ba zama ɗaya suke yi ba.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne dokar ƙasar da haɗarin ya faru ita take yanke adadi. Nijar tana cikin ƙasashe 14 da suke aiki da kundin inshora na bai-ɗaya na CIMA, wanda aka ƙulla yarjejeniyarsa a Yawunde a 1992, ya fara aiki a 1995. Kundin yana auna diyya da mafi ƙarancin albashi na shekara. A Nijar mafi ƙarancin albashi ya koma sefa 42,000 a wata daga Janairun 2024, wato 504,000 a shekara. Matar mamaci tana da kashi 150 cikin 100 na wannan adadi saboda raɗaɗin rashi kaɗai, sefa 756,000 ke nan, ban da na 'ya'ya da iyaye da 'yan'uwa. Sai kuma diyyar abin da iyali suka rasa na ci da sha, wadda ake lissafawa a kan samun mamacin, kuma za ta iya kaiwa ninki 85 na albashin shekara: sefa 42,840,000.

Mu juya su zuwa naira. A ɗauki canjin naira 2,500 a kan jaka ɗaya ta sefa (sefa 1,000), wanda ya yi kusa da abin da aka gani a kasuwa cikin 2024 da 2025, mai karatu kuma ya sa canjin ranar da yake karantawa. Sefa 756,000 sun zama naira 1,890,000. Sefa 42,840,000 sun zama naira miliyan 107 da ɗoriya, kuɗin inshorar ƙaramar mota na shekara 7,140. Ba kowane mamaci ake kai wa wannan ƙololuwa ba, sai wanda samunsa yake da yawa kuma aka kawo shaidarsa. Wanda ba shi da takardar albashi a kan mafi ƙarancin albashi ake yi masa lissafi, adadin ya sauko sosai. Ko a hakan, miliyoyin naira ake magana a kan rai ɗaya, kuma motar da ta ƙwace a kasuwa ba mutum ɗaya take taɓawa ba.

Wani abin lura a wannan canji shi ne sefa 42,000 ɗin nan naira 105,000 ne, sun fi mafi ƙarancin albashin Najeriya na naira 70,000 da aka sa a 2024. Sefa a ɗaure take da yuro, a kan 655.957, ba ta bin naira ƙasa. A farkon 2023 jaka ɗaya kusan naira 1,200 ce a kasuwa. Ke nan bashin da direba zai ɗauko a Nijar ya ninka a naira cikin shekara biyu saboda canji kaɗai. In ya bi ta Tsamiya ya faɗa Binin, mafi ƙarancin albashi can sefa 52,000 ne, ƙololuwar ta koma 53,040,000. A Kodebuwa kuwa 75,000 ne a wata.

Maganar halal da haram

Ba zan tsallake abin da yake hana mutanenmu da yawa kula da inshora ba. A ƙasar Shehu Ɗanfodiyo, mutum ba zai saki jiki da cinikin da ya ji malamai sun yi magana a kansa ba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a Disamban 1985, ta haramta inshorar kasuwanci saboda garari, wato rashin tabbas a ciniki, ta kuma halatta ta taimakekeniya, wadda ake kira takaful. Tun 1979 aka kafa kamfanin irinta na farko a Sudan. A Najeriya NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da Salam Takaful, suna yin na mota. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ɗaya ba, ga ɗayar.

Fatawa ta malamai ce, amma lissafin kowa yana iya gani. Diyyar kisan kuskure a littattafan Malikiyya raƙuma 100 ne, ko dinari 1,000 ga ma'abota zinari. Dinari ɗaya giram 4.25 ne, jimla kilo 4.25 na zinari. A 2025 giram ɗaya ya haura dalar Amurka 100, wato diyyar ta haura dala 400,000. Shari'a da kanta ba ta ɗora wannan nauyi a kan mutum ɗaya ba. Ta raba shi a kan aƙila, dangin mai kuskuren, a biya cikin shekara uku. Direban da ya sayi takardar bogi da gangan ya bar iyalin wanda zai iya bugewa ba su da inda za su dafa, kuma a ganina wannan hakki ne da ya fi ƙarfin a ce ai don a wuce shingen 'yan sanda ne kawai.

Abin da katin ba ya biya

Katin wani yake biya, ba mai motar ba. Nan ne mafi yawan ɓacin rai yake fitowa, domin mutum ya ji an ce yana da inshora sai ya ɗauka komai ya shiga ciki.

Motarka ba ta ciki. In ta kife, ko ta ƙone, ko an sace ta a Maraɗi, katin bai san da ita ba. Wannan aikin cikakkiyar inshora ne, kuma NAICOM ta ce kuɗinta kada ya yi ƙasa da kashi 5 cikin 100 na darajar mota. Motar naira miliyan 8 za ta biya 400,000 a shekara, ta miliyan 20 ta biya miliyan 1, kusan ninki 67 na inshorar dole. Bayan an biya wannan ma akwai layin da yake faɗin yankin da inshorar take aiki, kuma a yawancin takardu Najeriya kaɗai aka rubuta. Sai an nemi kamfani ya faɗaɗa yankin a rubuce, ya ambaci ƙasashen, galibi da ƙarin kuɗi. Wanda ya biya miliyan 1 bai yi wannan ba, da ya wuce Illela ya koma daidai da mai 15,000. Haka kuma kamfani ba zai biya fiye da darajar da aka rubuta ba. Motar da aka yi wa kuɗi miliyan 8 a 2022 ba a sake duba ta ba, miliyan 8 ɗin dai za a kalla, ko da irinta ta koma 16 a kasuwa.

Kayan da ke bayan mota su ma ba sa ciki. Albasa, wake, shanu, siminti, duk suna da tasu inshorar ta kaya a kan hanya, kuma ita ma ba ta biyan asarar da jinkiri ya jawo. Mun ga ma'anar wannan sau biyu a 'yan shekarun nan. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe Illela ba sai Disamban 2020, Kamba kuwa sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Yamai na ranar 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa kimanin wata bakwai, har Maris ɗin 2024. Manyan motoci sun yi layi, kaya masu lalacewa sun lalace, kuma irin wannan asara a kan mai kaya take faɗawa.

Sai jikin direban kansa. Kundin CIMA ya fitar da wanda yake riƙe da sitiyari daga cikin waɗanda inshorar dole take biya. Alƙaluman hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa sun nuna haɗari 10,617 a 2023, mutum 5,081 suka rasu. A 2024 haɗuran sun ragu zuwa 9,570, amma mamata suka ƙaru zuwa 5,421, har da waɗanda suka rasu wajen kwasar man tankar da ta faɗi, kamar a Majiya ta jihar Jigawa. Wato daga mamata 48 a kowane haɗari 100 an koma 57, kusan mutum 15 a rana. Hukumar lafiya ta duniya a rahotonta na 2023 ta sa Afirka a kan gaba, da mamata 19 a cikin kowane mutum 100,000, alhali matsakaicin duniya 15 ne. Wanda yake cikin wannan haɗari kullum shi ne direba da yaronsa, kuma su ne katin bai san da su ba. Abin da yake rufe wannan giɓi shi ne inshorar haɗarin jiki ko ta lafiyar matafiyi. Don a ga girman abin, ƙasashen Turai na yankin Shengen ba sa ba da biza sai mutum ya nuna inshorar lafiya ta yuro 30,000, ta asibiti da ta mayar da marar lafiya ko gawa gida. Sefa miliyan 19.7 ke nan, kusan naira miliyan 49 a canjin da muka ɗauka. Wanda ya karye a Agadas yana da fiye da kilomita 600 tsakaninsa da asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Yawancin irin wannan inshora an tsara ta ne don masu hawa jirgi, saboda haka mai tuƙi ya tambaya ko ta haɗa da tuƙin mota da babur, da kuma ƙasar da zai je.

Akwai wani tarko da ya fi kama ƙananan direbobinmu. Inshorar 15,000 ta motar gida ce. Wanda ya yanke ta sannan ya shiga layi a tasha yana lodin fasinja don kuɗi ya fita daga sharaɗin takardarsa, kuma kamfani yana da hujjar ja da shi ranar da abu ya faru. Ya faɗi gaskiyar aikin motar tun wajen yanka, ko da kuɗin zai ɗan ƙaru.

Bayan Nijar ta fita daga ECOWAS

Jihar Sakkwato ba ta da iyaka da wata ƙasa sai Nijar, kuma iyakar ƙasashen biyu ta kai kimanin kilomita 1,500. Ranar 28 ga Janairun 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewarsu daga ECOWAS, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Uku ke nan daga cikin 14 na tsarin katin, cikinsu har da wadda mutumin Shagari ya fi bi. A ranar da ficewar ta tabbata, ECOWAS ta umarci sauran ƙasashe su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida na 'yan ƙasashen uku masu tambarin ƙungiyar, su bar musu zirga-zirga ba biza har sai an sake sanarwa. A Agustan 2025 kuma aka sa hannu a kan sabuwar dokar inshora ta Najeriya, wadda ta ƙarfafa shigar ƙasar cikin tsarin katin. A irin wannan yanayi da dangantaka take sauyawa, direba bai kamata ya dogara da an ce ba. Ya sa kamfaninsa ya tabbatar masa a rubuce cewa katin yana aiki a ƙasar da zai shiga a ranakun tafiyarsa, ya karɓi adireshin ofishin da zai nema a can. In an ƙi ba shi wannan, ya yanki inshorar ɗan lokaci a wurin kamfanin ƙasar da ya shiga. Biya biyu ya fi sauƙi a kan sefa miliyan 42.

Katin kuma yana da inda ya tsaya. Wanda ya nufi gabas ta Maiduguri ya shiga Kamaru ko Cadi ya faɗa yankin wani kati, mai ruwan hoda, na ƙasashe shida na tsakiyar Afirka. Tsohuwar hanyar alhazai ta ƙasa, wadda kakanninmu suka bi ta Cadi da Darfur zuwa gaɓar Bahar Maliya, yaƙin Sudan da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya toshe ta. Arewa da Asamaka, Aljeriya tana cikin tsarin katin ƙasashen Larabawa, motar Najeriya sai ta sayi inshora a bakin iyaka. Pelumi Nubi, wadda ta tuƙo ƙaramar mota daga Landan ta iso Legas ranar 7 ga Afrilun 2024, ta yi haɗari a Kodebuwa, cikin yankin katin ECOWAS, bayan ta riga ta ƙetare sahara lafiya. Mai irin wannan tafiya yana ratsa yankin koren katin Turai har Maroko, ya sayi inshorar gida a iyakar Muritaniya, sannan ya shiga namu daga Senegal.

Inda kwalta ta ƙare

Daga Ƙonni zuwa Tawa kimanin kilomita 130 ne, daga Tawa zuwa Agadas kusan 400, daga Agadas zuwa Arlit 240. Tun kafin a kai ƙarshe hanyar takan koma burji da ramuka, bayan nan sai rairayi. Cikakkiyar inshora ma tana ja da baya a nan. Ba ta biyan injin da ya buga ko giyar da ta lalace don kanta, ba ta biyan tayar da ta fashe sai in motar ta yi haɗari tare da ita, ba ta biyan abin da yaƙi ko ta'addanci ya jawo, ba ta biyan motar da hukuma ta ƙwace. Kuɗin janwe da take bayarwa ƙayyadadde ne, an yi shi don jan mota zuwa garejin cikin gari. Mai bin hanyar daji ta Tangaza ko Gudu don kauce wa shinge ya haɗa wa kansa biyu: ga Lakurawa, waɗanda kotun tarayya ta ayyana 'yan ta'adda a Janairun 2025, ga kuma shiga ƙasar mutane ba takardar kwastan, abin da zai raunana duk wata da'awa da zai kai gaban kamfani.

A Oktoban 2013 an tsinci gawawwaki 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara ne, 33 mata, yawancinsu Hausawa daga yankin Kance na jihar Damagaram. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Ba karo aka yi ba, ba wanda ya buge wani, babu takardar inshorar da za ta kai musu ruwa. A wannan ɓangare na tafiya kuɗin kariya yana tafiya ne a kan mota ta biyu da za a jera da ita, da jarkokin ruwa fiye da na kwanakin da aka ƙiyasta, da safaya biyu, da ɗan jagora wanda ya san rijiyoyi, da bin ayarin da hukuma ta sani.

Ga shugabannin ƙungiyoyin direbobi da masu motoci na NURTW da NARTO a Shagari da Boɗinga, aikin da ya fi sauƙi yana hannunku: kada a yi wa motar da za ta tsallaka iyaka lodi sai an sa lambarta a askniid.org an ga sunan kamfani, kuma direba ya nuna katinsa. NAICOM da ofishin katin na Najeriya su kafa sanarwa da Hausa a Illela da Kamba, mai faɗin matsayin katin a Nijar da wurin da direba zai kai kuka. Kai kuma malam direba, kafin tafiyarka ta gaba zuwa Ƙonni, duba lambar motarka, ka koma kamfanin ka karɓi katin da ka riga ka biya, ka sa su rubuta maka ƙasashen da yake aiki.